Ɗakunan Sansanin Wikki a Yankari: wanne ya dace da iyali, kuma me za a ɗauko daga gida?

Mai gidan da ke son fitar da iyalinsa su kwana a daji, amma ba a cikin tanti ba, a ɗaki mai ƙofa da gado da banɗaki, da wuya ya samu wurin da ya kai Sansanin Wikki a duk faɗin Arewa. Sansanin yana tsakiyar Gandun Dajin Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kuma yana da ɗakunan kwana kimanin 110 a warwatse ƙarƙashin itatuwa, a saman tudun da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi take gindinsa. Hukuncinmu a kansa shi ne: wurin ya cancanci kuɗin mai da wahalar hanya, da sharaɗin ka je da shirin wanda zai ciyar da gidansa da kansa, ba da zuciyar baƙon otal da ke jiran a kawo masa komai ba. Yawancin waɗanda ke dawowa suna ƙorafi, a shiri suka faɗi tun kafin su bar gida.

Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe har Dindima, a nan a saki babban titi a karkata dama zuwa ƙauyen Mainamaji inda ƙofar shiga take. Mai tahowa daga Gombe kuwa sai ya wuce Alkaleri sannan ya iso mahaɗar. Kuskuren farko a nan ake yin sa: mutum ya ga ƙofa ya ɗauka ya iso. Daga ƙofar zuwa sansanin akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji, ba gidan mai, ba mai faci, ba shago. Jimillar tafiyar daga Bauchi ta haura kilomita 100, don haka a ware mata awa 2 cif, har da tsayuwar biyan kuɗin shiga. A cika tanki a Bauchi. Shiga da fita daga ƙofar kaɗai sun kusa kilomita 90, ban da yawon da za a yi a ciki idan motarku za ku yi amfani da ita. A duba tayar safaya tana da iska, jak da sifana suna cikin but, a sa galan na ruwan lagireto. Kuma a tsara isa ƙofar kafin la'asar. Dalili biyu ne: wasu yankunan Alkaleri sun fuskanci matsalar tsaro a 'yan shekarun nan, saboda haka tafiyar rana da tambayar halin hanya kafin a taso wajibi ne, na biyu, wanda ya iso da haske shi ke iya duba ɗaki ya ce a canja masa.

Maganar ɗakunan ke nan. Matakansu sun fara daga ɗakin kwanan ɗalibai mai gadaje da yawa, sai ƙananan ɗakuna masu gado ɗaya da banɗaki, sai manya masu falo, har zuwa masaukan alfarma da ake sauke manyan baƙi. Ɗakin ɗalibai a bar wa 'yan makaranta da samarin da suka zo a ƙungiya. Arha gare shi, amma ba sirri, kuma ba wurin uwa mai goyo ba ne. Ƙaramin ɗaki ya ishi miji da mata da yaro ɗaya ko biyu ƙanana. Matsalar tana farawa ne idan gida ya kai mutum shida ko bakwai, domin a nan ne ake shiga ruɗanin ko a kama ƙananan ɗakuna biyu ko a kama babba ɗaya mai falo. Idan yaran duk ba su kai shekara 10 ba, babba ɗaya ya fi, ko da ya ɗan fi tsada. Ɗakunan nan kowanne gini ne mai zaman kansa, tsakaninsu fili ne, filin kuma da dare na mugun dawa ne da duk abin da ke yawo. Yaro mai shekara 6 da ya farka tsakar dare yana neman uwarsa zai buɗe ƙofa ya fita, ba ruwansa. A shimfiɗa musu katifa a falo, ƙofa ɗaya, makulli ɗaya a hannun babba. Idan kuwa akwai samari da 'yan mata da suka tasa, dole a raba makwanci, sai a nemi ɗakuna biyu masu kallon juna, a sa babba ɗaya a kowanne. Masaukan alfarma kuwa, ga iyalin da za su wuni tsakanin ruwa da motar zagayen kallon namun daji, kuɗi ne za a biya wa falon da ba wanda zai zauna a cikinsa.

Sunan matakin ɗaki ba shi ke nuna lafiyarsa ba. Gini a daji yana shan rana, ƙura, damina da hannun birai, kuma gyara ba ya zuwa wa dukkan ɗakuna lokaci ɗaya, shi ya sa ɗakuna biyu masu kuɗi ɗaya kan bambanta. Kafin a sauke kaya, mutum ɗaya ya karɓi makulli ya shiga ya yi minti biyar yana dubawa. Ya fara da ƙofa: tana kulluwa daga ciki da waje, ko sai an ɗaga ta? Sai tagogi, ɗaya bayan ɗaya, har ƙaramar ta banɗaki, a ga sakatarsu tana kamawa kuma ragar sauro ba ta yage ba. Ya buɗe famfo ya bar shi minti ɗaya, ya ja ruwan masai ya ga yana cika. Ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ya gwada soket da cajar waya. Ya ɗaga katifa ya haska ɗinkin gefenta da tocila; ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ne. Ya ɗaga kai ya dubi silin ko akwai tabon yoyo, musamman in damina ce. Abin da bai yi ba, a faɗa wa ma'aikatan karɓar baƙi nan take cikin mutunci, tun akwai sauran ɗakunan da ba kowa.

Tambayoyi uku ake yi kafin a biya, gara ma a yi su ta waya tun daga gida. Wutar lantarki daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ake bayarwa? Kuɗin ɗakin ya haɗa da karin kumallo? Ana yarda baƙo ya kunna ɗan risho ko ƙaramar tukunyar gas a barandar ɗaki? Ta farkon ita ta fi muhimmanci, domin na'urar sanyaya ɗaki ba ta da amfani idan wuta ta ɗauke ƙarfe 12 na dare a watan Afrilu. A kuma tambayi kuɗin shiga na babba da na yaro, na mota, na kyamara da na motar zagaye, a rubuta su, a zo da tsabar kuɗin da zai rufe duka da rarar kashi ɗaya cikin huɗu. Sabis ɗin waya a tsakiyar daji ba abin dogaro ba ne, kuma tura kuɗi ko biya da kati duk a kansa suke rataye.

Yanzu ga ainihin masu gidan: birai. Gwaggon biri a Wikki ya daɗe da sanin ɗan Adam, ya san leda, ya san kular sanyaya abinci, ya san ana murɗa hannun ƙofa. Garke-garke suke yawo a cikin sansanin, kuma ba don mugunta suke shiga ɗaki ba, mutane ne suka koya musu cewa inda baƙo yake akwai abinci. Duk wanda ya jefa musu biskit don yara su yi dariya ya ƙara wa na bayansa wahala. Lokacin da suka fi yin ɓarna shi ne lokacin sauke kaya, an buɗe but, kowa ya ɗauki jaka ya nufi ɗaki, an bar motar a buɗe. Yadda ake yi shi ne babba ɗaya ya tsaya a jikin motar da sanda a hannu, ba don duka ba, ganinta kawai ya isa, sauran su yi jigila, kayan abinci su fara shiga. Abinci a zuba shi a jaka mai zif ko bokiti mai murfi, kada a riƙe shi a leda a fili, domin ƙarar leda kaɗai tana jawo su. Kada yaro ya fita da biredi ko lemo a hannu. Sun fi raina yara da mata, kuma babban namijinsu yana da fiƙa masu tsawo. Idan biri ya fizge abu, a sakar masa, ba a kokawa da shi a kan leda. In aka yi rashin sa'a ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a nufi asibiti a Bauchi don allurar riga-kafin ciwon haukan kare da ta tetanus, ba a jira gari ya waye a ga yadda zai yi. Ƙofa da taga kullum a kulle, ko da fita ta minti biyu ce. Takalma da wanki ma a shanya su a ciki.

Mugun dawa shi ma yana kiwo a tsakanin ɗakuna, yana durƙusawa a gwiwoyinsa na gaba yana cin ciyawa, abin da ke ba yara sha'awa ƙwarai. Ba ya kula mutane in ba a matsa masa ba, sai dai uwa mai 'ya'ya ba a kusantarta.

Abin da ke biyan duk wannan wahala shi ne ruwan. Maɓuɓɓugar Wikki tana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, tana zubar da lita miliyan 21 a kullum zuwa Kogin Gaji, kuma ɗuminta ba ya sauka daga maki 31 dare da rana, rani da damina. Ruwan garau yake har ana ganin farin yashin ƙasansa. Faɗinsa kimanin mita 13 ne, zurfinsa ya kai mita 1.9 a kusa da dutsen, yana raguwa yayin da ake gangarawa. Wannan adadi na zurfi shi ne abin da iyaye za su riƙe: ya shanye dogon mutum, kuma tsabtar ruwan tana yaudarar ido, sai a ga ƙasa kamar kusa take. Yara su tsaya a ɓangaren gangare inda ruwan bai wuce ƙugu ba, kowane yaron da bai iya iyo ba da babba ɗaya a tsaye inda hannunsa zai kai gare shi. Robar da ake hurawa ba ta maye gurbin babba; ruwan yana tafiya a hankali, yana iya jan yaro daga inda aka ajiye shi. Matakalar da ake sauka zuwa ruwan tana da tsawo da gangara, don haka in akwai tsohuwa ko mai ciwon gwiwa a cikin tafiyar, a yi mata sauka ɗaya a rana, a tafi da tabarma ta zauna a inuwa. Ga matan da ba sa son shiga ruwa cikin taron maza, lokacinsu shi ne da sassafe bayan an idar da sallar asuba gari ya ɗan yi haske, a ranakun aiki. Da hunturu a wannan lokacin har tururi ke tashi a saman ruwan. Doguwar riga mara nauyi da wando sun fi zani, domin zani yana kwancewa, hijabi mai faɗi kuma yana naɗe hannu in ya jiƙe. Kaya da waya a bar su a hannun wanda bai shiga ba, birai suna saukowa har bakin ruwan. Sabulu da omo ba wurinsu ba ne.

Zagayen kallon namun daji ana fita da safe da kuma yamma, a buɗaɗɗiyar mota tare da jagora, kusan awa 2. Da yara, na safe ya fi: sanyi, kuma dabbobi ba su shige inuwa ba tukuna. A nan ya kamata uba ya kiyaye bakinsa, kada ya yi wa yara alkawarin giwa. Faɗin dajin murabba'in kilomita 2,244 ne, giwayen kuma ƙiyasinsu tsakanin 100 ne zuwa 150, duk da cewa suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya. Ana iya kwana uku ba a ga ko ɗaya ba sai kashinsu da rassan da suka karya. Zaki ya fi haka wuyar gani. Abin da ake yawan cin karo da shi su ne gwambaza, mazo, jan biri, wani lokaci gwanki, kanki ko ɓauna, da kada da dorina a wajen kogi. Tsuntsaye kuwa sun haura iri 350, daga zabon daji da burtu har zalɓe, kuma yaron da aka ba madubin hangen nesa aka ce ya ƙirga irin da ya gani ba ya gajiya da zagayen. Ƙudan tsando suna da yawa a kurmin bakin kogi, cizonsu da zafi, kuma shuɗi da baƙi ne ke jawo su, har ta cikin yadi mara kauri suna cizo. A sa wa kowa kaya masu ruwan ƙasa ko toka-toka, dogon hannu, da safa. A roƙi jagora ya biya da ku Kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna a ciki, da Rijiyoyin Dukkey su 139 da ke haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa. A cikin sansanin ma akwai ɗan gidan tarihi mai fatu, ƙasusuwa da hauren giwa da makaman da aka ƙwace daga mafarauta, ya isa ya cinye awa ɗaya ta tsakar rana lokacin da zafi ya hana komai.

Wane wata? Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu jiki ya fi jin daɗi, ba sauro sosai, ba a buƙatar na'urar sanyi, amma dare yana iya sauka zuwa maki 12, don haka bargo da rigunan sanyi da man shafawa dole ne. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganin dabbobi, saboda ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, komai ya dawo bakin Gaji. Sai dai zafin yana haura maki 40, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga jariri ko tsoho. Da damina dajin ya yi kore shar, amma ciyawa ta rufe ido, wasu hanyoyin ciki sun yi laka. Ga iyali mai ƙananan yara, tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu shi ne zaɓinmu. Hutun Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara wurin yana cika maƙil, ɗaki sai wanda ya kama tun da wuri, ruwan kuma ya koma kasuwa.

Akwai gidan cin abinci a sansanin, kuma ya kamata a ci abincin dare a can, a ba da oda tun da rana don a san da ku. Amma kada cikin yara ya dogara a kansa kaɗai. Ga gida mai mutum shida da za su kwana biyu, ruwan sha lita 3 ga kowane mutum a rana ya kama lita 54 a wuni uku, har da ranar zuwa da ta komawa. Jakar ruwan leda lita 10 ce, saboda haka jaka 6, da zafi a ƙara 2. A daskarar da robobin ruwa 6 zuwa 8 a firiza kwana biyu kafin tafiya, a jera su a ƙasan kula. Sun fi ƙanƙarar da aka fasa daɗewa, ba sa jiƙa abinci, in sun narke kuma a sha. Kula biyu ta fi ɗaya: ta abin sha da yara ke buɗewa kowane lokaci, da ta abinci da ake buɗewa sau biyu a rana, domin yawan buɗewa ne ke kashe sanyi. Dafaffiyar shinkafa da miya a cinye su a ranar farko; fura da nono ma haka. Abin da ke jure kwana uku shi ne soyayyen nama da aka tsane sosai, dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, cincin, dabino, biredi, madarar gari, ganyen shayi da garin kunu. Babban fulas na ruwan zafi yana warware karin kumallon yara kafin motar safe ta tashi.

Kuskure ɗaya da ke kisa, kuma da hunturu ake yin sa: shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki don jin ɗumi, a rufe ƙofa da taga saboda birai. Hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari ko launi, barci kawai yake sa mutum ya zarce. Gawayi, risho da janareta duk a waje suke zama, nesa da taga.

Jakar magani ta ƙunshi farasitamol na manya da na yara, filasta, bandeji, maganin wanke ciwo, maganin ƙaiƙayi, da fakitin gishiri da sukari na gudawa guda 6. In ya ƙare, ana haɗa shi da lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gidan sauro a zo da shi daga gida tare da igiya mai tsawon mita 5, domin ba kowane ɗaki ke da inda za a rataya ba. Ana ɗaure igiyar daga ƙarfen taga zuwa ƙofar kwaba. Mai shan maganin hawan jini, sukari ko asma ya zo da na kwana biyar, ba na uku ba. Kowa da tocilarsa, kuma ba mai fita da dare da silifas ko ƙafa ba takalmi. Ƙasar Bauchi da Gombe ƙasar kububuwa ce, shi ya sa ma asibitin masu saran maciji yake Kaltungo. In an yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko munduwa, a hana gaɓar motsi da ɗan katako, a ɗauki mutumin a mota, a sanar da ma'aikatan sansanin su nuna asibiti mafi kusa mai maganin dafi. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama.

Kwana ɗaya asara ce, domin rabin ranar farko hanya ta cinye, rabin ta biyu kuma komawa. Kwana uku kuwa yara sun fara gundura, ƙanƙara ta narke. Kwana biyu shi ne daidai: ranar isowa a duba ɗaki a shiga ruwa da yamma, rana ta biyu zagayen safe, gidan tarihi, barcin rana, sannan ruwa, rana ta uku wankan sassafe a ɗaure kaya. Tun 1962 aka buɗe dajin ga masu ziyara, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1991, ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006, don haka ofishin da ke kula da shi da inda ake tambayar farashin yau duk a Bauchi suke.

Ranar tafiya a loda mota kamar yadda aka sauke ta, da mai gadi a jikin but, shara a ƙulle a miƙa wa ma'aikata maimakon a bar ta a baranda. A bar sansanin kafin ƙarfe 11, a yi tuƙi a hankali har ƙofa domin dabbobi suna tsallaka titin, sau da yawa ma a wannan hanyar ake ganin abin da motar zagaye ta kasa nunawa. Mai komawa Kano, ta Ningi da Birnin Kudu, yana da sauran kusan kilomita 300 bayan Bauchi, sai ya tsaya a garin ya sha mai, a sayi masa a ci, ya kama hanya kafin ƙarfe 2.